Gano Ciwon Hanta Tun Bai Nuna Kansa Ba: Tambayoyi Da Amsoshi Kan Ƙoƙarin Gwamnatoci

Hanta gaɓa ce mai haƙuri. Tana iya shafe shekara 20 ko 30 tana lalacewa a hankali, mai ita yana ci yana sha, yana zuwa wurin nemansa, ko ciwon kai bai ji ba. Wannan haƙuri nata ne ya sa gwamnatoci da dama suka daina zaman jiran mara lafiya ya kawo kansa asibiti, suka fara fita neman mutanen da suka fi kusa da hatsari tun suna ganin kansu garau. Ga tambayoyin da aka fi yi kan wannan aiki.

Me ya sa ake ta nanata maganar ganowa da wuri?

Saboda ciwon hanta hawa-hawa yake zuwa, kuma hawan farko ana iya juya shi baya. Da fari hanta takan kumbura, ko dai saboda ƙwayar cuta, ko barasa, ko kitsen da ya taru a cikinta. In kumburin ya daɗe, sai tabo ya fara fitowa a inda naman hanta ya mutu. Tabon nan yana ƙaruwa shekara da shekaru har hantar ta ƙandare, ta motse, jini ya kasa ratsa ta yadda ya kamata. A matakin kumburi da farkon tabo, in aka kawar da abin da ke cutar da ita, hanta tana iya gyara kanta, domin tana cikin gaɓoɓin da ke sake tofo. In ta riga ta ƙandare sosai, sai dai a yi ta lallaɓawa.

Abin takaicin shi ne alamomin da jama'a suka sani, wato ido ya yi rawaya, ciki ya tara ruwa, ƙafafu su kumbura, aman jini, ruɗewar tunani, yawancinsu alamomin ƙarshe ne ga mai daɗaɗɗen ciwon hanta. Mutane da yawa ranar da aka kwantar da su a ɗakin gaggawa ita ce ranar da suka fara jin cewa hantarsu na da matsala.

Cututtukan hanta suna kashe mutum kusan miliyan 2 a duniya duk shekara. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya nuna cewa a 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da ciwon hanta nau'in B, miliyan 50 kuma nau'in C, nau'i biyu da ƙwayoyin cuta ke haddasawa, kuma su biyun sun kashe mutum miliyan 1.3 a wannan shekarar. Amma adadin da ya fi tayar da hankali shi ne wannan: kashi 13 cikin 100 ne kawai na masu nau'in B suka san suna da shi. Masu nau'in C kuma kashi 36. Sauran duk suna yawo ba su sani ba.

Su wane ne ake cewa sun fi shiga hatsari?

Rukuni uku ne manya. Na farko, waɗanda ƙwayar B ko C za ta iya kasancewa a jininsu: wanda aka haifa a yankin da cutar ta yi yawa, kamar Afirka kudu da Sahara da gabashin Asiya, wanda mahaifiyarsa ko wani a gidansu ke da nau'in B, abokin zaman aure na mai cutar, wanda aka yi wa ƙarin jini a lokacin da ba a tantance jini, masu wankin ƙoda, masu ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki, ma'aikatan lafiya, fursunoni, da duk wanda ya taɓa yin allurar ƙwayar maye, ko da sau ɗaya ne shekaru aru-aru da suka wuce.

Na biyu, masu shan barasa da yawa na tsawon lokaci. Na uku, kuma shi ne rukunin da ya fi saurin girma a duniya, masu ciwon suga nau'i na 2, masu ƙiba musamman ta ciki, da masu hawan jini haɗe da yawan kitse a jini.

Akwai kuma 'yan tsiraru da suka gaji matsalar, kamar masu tara sinadarin ƙarfe fiye da kima a jiki. Ɗaya daga hanyoyin gano su ita ce bin dangi.

To a aikace, me gwamnatoci suke yi?

Kowace ƙasa da irin nata salon, gwargwadon abin da ya fi addabar mutanenta.

Masar ce misalin da aka fi ambata, kuma ta cancanta. A da ita ce ƙasar da nau'in C ya fi yi wa katutu a duniya, kuma asalin abin shi ne allurar maganin tsargiya da aka yi ta yi wa jama'a a ƙauyuka daga shekarun 1950 zuwa 1980, da sirinjin gilashi da ba a tsaftace su sosai ba. A watan Oktoba na 2018 gwamnati ta ƙaddamar da gangamin gwajin duk wani baligi. Cikin wata bakwai aka gwada mutum kusan miliyan 50, a asibitoci, da wuraren aiki, da motocin da ke zagayawa. Wanda aka samu da cutar ba a sallame shi da takarda a hannu ba: an ba shi ranar zuwa gwajin tabbatarwa, aka ba shi magani kyauta, wanda ake haɗawa a cikin ƙasar. A Oktoba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana Masar a matsayin ƙasa ta farko da ta kai matakin zinare a hanyar kawar da nau'in C. Jojiya ta fara irin nata shirin tun 2015, Ruwanda kuma a ƙarshen 2018.

Ingila ta bi wata hanya, domin a can barasa da ƙiba su ne manyan masu laifi. Tun 2022 hukumar lafiyar ƙasar take tura motoci ɗauke da na'urar auna taurin hanta zuwa inda mutanen da ake nema suke taruwa: cibiyoyin masu fama da shaye-shaye, masaukan marasa matsuguni, asibitocin masu ciwon suga, wuraren rabon abinci ga mabuƙata. A wannan shekarar dai aka fara wani tsarin a ɗakunan gaggawa na wasu asibitoci a Landan da Manchester da wasu birane: duk babban da za a ɗebi jininsa saboda kowane dalili, za a haɗa masa da gwajin B da C da na cuta mai karya garkuwar jiki, sai in shi ya ce ba ya so. Dabara ce mai kyau ƙwarai, domin ta kama dubban mutanen da ba za su taɓa zuwa gwaji da ƙafarsu ba.

A yankin Tayside na Sikotilan, tun 2018 suka sa ɗakin gwaji ya riƙa ƙarasa aikin da kansa. In gwajin hanta na yau da kullum ya fito da matsala, na'ura za ta yi amfani da jinin nan da aka riga aka ɗiba ta bincika dalilin, ta lissafa yawan tabo, ta tura wa likita shawarar mataki na gaba. Mara lafiya bai sake dawowa an soke shi da allura ba, sakamakon kuma bai kwanta a fayil an manta da shi ba.

Amurka kuwa ta faɗaɗa ragarta ne sannu a hankali. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta ce a gwada duk wanda aka haifa daga 1945 zuwa 1965 don neman nau'in C. A 2020 ta ce duk wanda ya kai shekara 18 a gwada shi aƙalla sau ɗaya a rayuwa. A 2023 ta faɗi haka kan nau'in B.

Me ya hana a gwada kowa da kowa kawai a huta?

Ga B da C, ƙasashe da yawa can suka nufa, saboda gwajin ba shi da wuya kuma akwai magani. An kuma lura cewa in aka tsaya sai an tambayi mutum ko ya taɓa yin kaza da kaza, kunya takan sa ya ce a'a.

Ga kitsen hanta kuwa lissafin daban yake. Kusan mutum 3 cikin kowane manya 10 a duniya suna da kitse a hanta, amma ƙalilan ne cikinsu za su kai ga mummunan tabo. In aka ce duk a aike su wurin ƙwararren likita, layi zai toshe, wanda ya fi buƙata ya rasa wuri, sauran kuma a ɗaga musu hankali a banza. Shi ya sa ake fara tacewa da masu ciwon suga da masu ƙiba, kuma abin da ake nema a jikinsu shi ne tabo.

Wane irin gwaji ake yi? Da zafi?

Na ƙwayar cuta, sau da yawa ɗigon jini ne daga ɗan yatsa. A ɗiga a kan ɗan tsinken gwaji, bayan minti 15 zuwa 20 layi ya fito ko bai fito ba.

Na tabo iri biyu ne. Akwai lissafin da ake kira FIB-4, wanda ba ya buƙatar sabuwar na'ura ko kaɗan. Ana haɗa shekarun mutum da sinadarai biyu na hanta da ke jini, AST da ALT, da adadin ƙwayoyin jinin da ke sa jini ya daskare. In ya fito ƙasa da 1.3, da wuya a ce akwai mummunan tabo. In ya haura 2.67, sai a tura mutum gaba. Wanda ya faɗa tsakani sai a ƙara masa wani gwajin.

Sai na'urar FibroScan. Mutum zai kwanta rigingine, ya ɗaga hannun dama ya sa a bayan kai don haƙarƙari ya buɗe. Ma'aikaciya za ta shafa ɗan mai mai sanyi a gefen dama, ta ɗora kan na'urar a tsakanin haƙarƙari biyu. Abin da za a ji bai wuce ɗan bugu ba, kamar an ɗalle fata da yatsa. Kowane bugu yana tura girgiza cikin hanta, na'urar kuma tana auna saurin tafiyarta: hanta mai laushi tana rage mata gudu, mai tauri kuwa girgizar wucewa take da sauri. Sai an samu awo mai kyau kamar 10 a ɗauki na tsakiya. Minti 10 an gama, babu allura, babu jini. Ana so dai mutum ya yi kamar awa 3 bai ci abinci ba kafin nan, domin abinci yana sa awon ya hau.

A da, sanin yawan tabo sai an soka doguwar allura an gutsuro naman hanta. Yanzu kaɗan ne ake kai su ga haka.

An taɓa yi mini gwajin aikin hanta aka ce lafiya lau. Ba shi ke nan ba?

A'a, kuma wannan kuskure ne da ya ci mutane da yawa. Gwajin aikin hanta na yau da kullum yana nuna ko ƙwayoyin hanta suna fashewa a wannan lokacin ne. Mutum zai iya samun ƙandararriyar hanta sakamakon nan ya fito daidai. Ba ya kuma nuna ko akwai ƙwayar B ko C. Su gwajinsu daban ne, sai an nema da suna. Haka ma hoton ciki na sikanin da aka saba yi: yana ganin kitse da ƙari, amma farkon tabo yakan wuce shi.

Ban taɓa shan barasa ba. Me ya haɗa ni da ciwon hanta?

Yawancin masu mutuwa da sankarar hanta a duniya ƙwayar B ko C ce ta kai su, ba kwalba ba. Mafi yawan masu nau'in B kuma tun suna jarirai ko ƙananan yara suka kamu, daga uwa ko daga wani a gida. Ga kuma kitse: fiye da rabin masu ciwon suga nau'i na 2 suna da shi a hanta. Ɗaura ciwon hanta a wuyan mashaya kaɗai ya sa masu kamun kai da yawa ba sa zuwa gwaji, ya kuma sa wanda aka samu da ciwon yana ɓoyewa kamar ya yi abin kunya.

In aka ce ina da nau'in B, tawa ta ƙare ke nan?

Ko kusa. Har yanzu babu maganin da ke fitar da ƙwayar gaba ɗaya, amma akwai maganin da ake sha ƙwaya ɗaya a rana, tenofovir ko entecavir, da ke danne ƙwayar cutar har ta kusa ɓacewa daga jini. Tabo yakan tsaya, wani lokaci ma ya ragu, hatsarin sankara ya sauka sosai. Ba kowa ne ke buƙatar magani nan take ba. Wasu sa ido kawai za a yi musu. A watan Maris na 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sassauta sharuɗɗan fara magani, ta yadda ko a asibitin da babu manyan na'urori, gwajin jini mai sauƙi zai isa a yanke shawara. Ga mai nau'in B, awon FibroScan da ya haura 7 alamar tabo ce mai buƙatar magani, wanda ya haura 12.5 kuma alamar ƙandarewa.

Abu biyu nake roƙon duk wanda aka samu da shi. Kada ya daina maganin da kansa in ya fara, domin ƙwayar tana iya tasowa da ƙarfin da zai durƙusar da hanta cikin makonni. Sannan ya kawo mutanen gidansa a gwada su, wanda bai kamu ba a yi masa rigakafi.

Kuma a yi hattara da masu tallar haɗin wanke hanta. Hantar da take fama ba ta buƙatar a ƙara mata kayan da ba a san abin da ke ciki ba, kuma irin waɗannan haɗe-haɗen su kansu sun sha lalata hantar mutane.

Nau'in C fa?

Shi warkewa ake yi. Ƙwayoyin sha na mako 8 zuwa 12 suna warkar da fiye da kashi 95 cikin 100. Sai dai gwajin ɗan yatsa yana nuna cewa jiki ya taɓa haɗuwa da ƙwayar ne kawai, kuma wasu jikinsu yakan kore ta da kansa. Dole sai an yi gwaji na biyu da ke neman ƙwayar kanta a jini. Babu rigakafinsa, kuma wanda ya warke zai iya sake kamuwa.

Me ya sa ake matsa wa mata masu juna biyu da wannan gwajin?

Saboda a nan ne ake datse cutar daga tushe. Jaririn da ya kamu da nau'in B a lokacin haihuwa, kusan 9 cikin 10 za su rayu da shi har abada. Babban da ya kamu kuwa, ƙasa da 5 cikin 100 ne yake zame musu na dindindin. In aka gwada uwa a wurin awo aka gano, za a iya ba ta tenofovir a watannin ƙarshe in ƙwayar ta yi yawa a jininta, jaririn kuma a yi masa allurar rigakafi cikin awa 24 da haihuwa, a ƙarasa masa sauran daga baya. Taiwan ta fara yi wa jarirai wannan rigakafin a 1984, kuma bayan shekaru aka ga sankarar hanta ta ragu a tsakanin yaran da aka haifa bayan nan. Uwa mai nau'in B za ta iya shayar da ɗanta in an yi masa rigakafin.

An ce in riƙa zuwa hoton ciki duk wata shida. Ba yawa ba ne?

Wanda hantarsa ta ƙandare, da wasu masu nau'in B ko da ba ta ƙandare ba, su ne suka fi kusa da sankarar hanta. Ƙarin sankarar yakan ninka girmansa cikin 'yan watanni, shi ya sa aka tsayar da wata 6: tazarar da za a iya kama shi yana ƙarami, lokacin da za a iya yanke shi, ko ƙone shi da allura, ko a yi dashen hanta. Wani babban bincike a Shanghai kan mutum sama da 18,000 masu nau'in B ko daɗaɗɗen kumburin hanta ya nuna cewa hoton ciki da gwajin jini na AFP, wani sinadari da kan hau in akwai sankarar hanta, duk wata 6 sun rage mutuwa daga wannan sankara da kashi 37 cikin 100. Japan da Koriya ta Kudu sun daɗe da mayar da wannan bibiyar ta zama tsari, kuma a can ana kama kaso mai yawa na masu cutar tun tana farko.

Ina waɗannan shirye-shiryen suke samun tangarɗa?

A tsakanin gwaji da magani. Gangamin gwaji abu ne mai daɗin ɗaukar hoto: a kafa rumfa, a yi jawabi, a ƙirga mutum dubu kaza. Amma in aka miƙa wa mutum takarda aka ce yana da nau'in B, ba a faɗa masa ina zai je ba, gwaji na gaba ya fi ƙarfin aljihunsa, maganin kuma babu shi a kusa, to an ɗora masa fargaba ne aka bar shi da ita. A rahoton 2024 ɗin nan, kashi 3 cikin 100 ne kawai na masu nau'in B a duniya suka samu magani. A ganina duk gwamnatin da za ta kafa rumfar gwaji, kamata ya yi ta fara amsa tambaya ɗaya: wanda aka samu da cutar yau, wa zai kira shi gobe?

Ƙasashen duniya sun ɗauki alkawari a 2016 cewa nan da 2030 za a gano kashi 90 na masu B da C, a yi wa kashi 80 na waɗanda suka cancanta magani. Inda ake yanzu da inda aka nufa, tafiya ce mai nisa, musamman ga nau'in B a Afirka, inda har allurar ranar haihuwa ba ta kai ga yawancin jarirai ba.

Ina tsoron in aka sani za a guje ni, ko in rasa aiki.

Tsoron yana da tushe, ba za a ce babu ba. Sakamakon gwaji sirrin mai shi ne, kuma ma'aikacin lafiya ba shi da hurumin bayyana shi. B da C ba sa yaɗuwa ta cin abinci tare, ko musabaha, ko tari, ko zama a ofis ɗaya. Ta jini suke bi, da haihuwa, da saduwa, musamman nau'in B. Sin ta daɗe tana fama da hana masu nau'in B aiki da makaranta, har sai da gwamnati ta haramta sa gwajinsa cikin sharuɗɗan ɗaukar aiki da shiga makaranta a 2010. Irin wannan dokar ita ma ɓangare ce ta gano cuta da wuri, domin ba wanda zai kai kansa gwajin da zai raba shi da abincinsa.

In babu irin wannan shiri a inda nake, me zan nema a asibiti?

A nemi gwajin HBsAg don nau'in B, da gwajin nau'in C, a ambace su da suna. In B bai fito ba kuma ba a taɓa yin rigakafi ba, a tambayi allurar. Mai ciwon suga ko ƙiba ko tarihin shan barasa ya roƙi likita ya lissafa masa FIB-4. Sau da yawa alƙaluman da ake buƙata suna nan cikin gwajin jinin da aka riga aka yi. In aka samu kitse da kumburi, rage kashi 7 zuwa 10 cikin 100 na nauyin jiki yana sauke kumburin, har tabo ma yakan ragu. A tafi da duk magungunan da ake sha, na asibiti da waɗanda ba na asibiti ba, a nuna wa likita, a kuma karɓi kwafin sakamakon a ajiye don a kwatanta da na gaba.